Me Ya Sa Sabon Gini Ke Cinye Magana? Tarihin Malamin Da Ya Fara Auna Amo

Barkanmu da sake saduwa a filinmu na amsa wasiƙunku, wanda ake bugawa a wannan shafi domin waɗanda aikin gona ko cin kasuwa ya hana su kama shirin a rediyo. Wasiƙar wannan mako ta fito ne daga wani manomi, ɗan kwamitin masallacin garinsu. Ya roƙe mu kada mu faɗi sunansa ko na garin, don maganar ta soma jawo ka-ce-na-ce, mun kuwa amince.

Ga abin da ya ce a taƙaice. Sun yi shekaru suna tara kuɗi, kowace kaka manomi ya kawo dami ko buhu, ɗan kasuwa ya kawo abin da ya sawwaƙa, har suka rushe tsohon masallacinsu na ƙasa suka gina na siminti, mai faɗi da tsawo. Aka sa tayil a ƙasa, aka shafe bango sumul. To amma tun ranar da aka buɗe shi, in liman ya hau mumbari, na sahun gaba ne kaɗai ke gane huɗuba, na baya kuwa sai gunji suke ji kamar ana magana a cikin rijiya. Wasu sun ce a ƙaro lasifika. Wasu sun ce muryar liman ce ta tsufa. Wasu ma har sun soma zargin magini. Shi ne yake tambaya: shin akwai ilimin da ya san wannan matsala, ko kuwa abin sa'a ne kawai?

To Malam, mun gode da wannan wasiƙa, matambayi ba ya ɓata. Akwai ilimin, kuma yana da tarihi. Kafin ku sake taɓa kuɗin jama'a, ka ba ni aron kunnenka ka ji yadda irin wannan matsala ta taɓa faɗa wa wata babbar jami'a a ƙasar Amurka, da yadda aka yi aka warware ta.

Da farko dai mu san halin amo. Amo yana tafiya a cikin iska wajen mita 340 a daƙiƙa 1, wato sakan guda. In ya ci karo da abu mai tauri da santsi, sai ya dawo, kamar ƙwallon da yaro ya jefa wa bango. In bangon yana nesa, mu ce mita 17 ko fiye, kunne zai ji maganar ta dawo daban, wannan ita ce amsa-kuwwa da makiyayi ke ji a gindin dutse. A cikin ɗaki kuwa bango huɗu ne, ga rufi ga daɓe. A ɗakin da tsawonsa ya kai mita 20, amo zai ratsa shi sau 17 a daƙiƙa 1, yana dukan nan yana dukan can. Saboda haka kalmar da aka furta ba ta mutuwa nan take, sai ta yi ta yawo, ta biyu ta zo ta hau kanta, ta uku ta hau kan ta biyu, magana ta cakuɗe. Wannan shi za mu kira jan amo. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa shiga sito bayan an kwashe kaya ya san shi: ka yi tari, ɗakin ya amsa. A cika shi da buhunan hatsi kuwa, sai ya yi tsit.

Mutanen da sun lura da wannan. Wani magini na daular Rum mai suna Vitruvius ya rubuta littafi shekara fiye da 2,000 da suka wuce, inda ya ba da shawarar a jera tukwanen tagulla a ƙarƙashin wuraren zama na dandalin wasa domin gyara murya. A Santambul ta ƙasar Turkiyya, babban magini Sinan ya binne tukwanen ƙasa a cikin ƙubbar masallacin Sulaimaniyya, wanda aka gama a 1557. Amma duk wannan gwaninta ce ta gado da gwaji, babu ma'auni. Har Charles Garnier, wanda ya gina babban gidan waƙa na birnin Paris da aka buɗe a 1875, ya faɗa da bakinsa cewa ya bincika littattafai bai sami ƙa'idar da zai bi ba, sa'a kawai ya dogara da ita.

Ana nan sai a 1895 Jami'ar Harvard, da ke kusa da birnin Boston na Amurka, ta buɗe wani sabon gini mai suna Fogg, gidan ajiye kayan zane da sassaƙa. A cikinsa akwai zauren lacca mai kujeru 436, bangonsa mai tauri, rufinsa mai ƙubba. Gini dai ya yi kyau, amma in malami ya buɗe baki, ɗalibai ba sa gane abin da yake faɗa. Ka ji irin ta garinku ke nan, Malam. Shugaban jami'ar, Charles Eliot, ya nemi sashen kimiyya ya samo magani. Aikin bai tsaya a hannun manya ba, sai ya gangaro kan wani ƙaramin malami, Wallace Sabine, wanda aka haifa a 1868 a jihar Ohio. Lokacin bai kai shekara 30 ba, kuma bai taɓa yin wani bincike a kan amo ba.

Sabine bai tsaya neman mai laifi ba. Cewa ya yi a fara auna ciwon tukuna. A zamanin babu makirufo da na'urorin awo irin na yau, kayan aikinsa uku ne: bututun busa guda ɗaya mai kama da sarewa, wanda tankin iska ke hurawa ya ba da murya iri ɗaya kullum, mai kaɗawa sau 512 a daƙiƙa, sai agogo mai ƙidayar daƙiƙa, sai kuma kunnensa. Ya kan busa bututun har amo ya cika zauren, sai ya katse iskar, ya ƙirga tsawon lokacin da amon zai ɗauka kafin kunne ya daina jinsa. Da yake hayaniyar titi tana ɓata awon, sai ya koma aikin dare, daga tsakar dare zuwa asuba, lokacin da gari ya yi shiru.

Awon farko ya nuna cewa in zauren babu kowa, amo yana yin daƙiƙa 5.6 kafin ya mutu. Ka gwada da kanka, ka ce "assalamu alaikum wa rahmatullahi" sau biyu a natse, to kusan tsawon lokacin ke nan. Ashe duk kalmar da malami ya furta tana nan tana yawo har ya furta wasu da dama a bayanta.

Daga nan sai ya shiga neman abin da zai sha amon. Kusa da wurin akwai wani babban zaure na jami'ar mai suna Sanders, wanda kowa ya yarda ana jin magana a cikinsa sosai, kujerunsa kuma duk da kushin. Sai Sabine da mataimakansa suka riƙa ɗebo kushin ɗin nan da dare, su kawo zauren Fogg, su shimfiɗa kaɗan su auna, su ƙara su auna, kafin gari ya waye su mayar wa masu shi. Da aka rufe kujeru 436 ɗin nan duka, jan amo ya sauko zuwa daƙiƙa 2 da ɗan ɗoriya. Da aka kwaso kushin ɗin Sanders gaba ɗaya, aka shimfiɗa a kan kujeru da hanyoyi da dandamali, aka rataya saura a bangon baya har rufi, sai ya dawo daƙiƙa 1.14. Bango bai motsa ba, murya ba ta canza ba, kayan laushi kawai aka shigo da su.

Mutumin nan fa akwai tsantseni. Akwai lokacin da ya gano cewa tufafin da ke jikinsa ma suna shan amo, har suna ɗan canza sakamako. Sai ya watsar da awo fiye da 3,000, aikin watanni, ya sake daga farko, daga ranar kuma kaya iri ɗaya yake sawa duk sa'ad da zai yi awo. Ya auna darduma, labule, katako, gilashi, filasta, har da mutane. Ya gano cewa mutum ɗaya a zaune yana shan amo kamar kushin 6. Shi ya sa ɗaki cike da jama'a ya fi ɗaki wofi daɗin magana.

Amma kushin ba ma'auni ba ne da duniya za ta yarda da shi, don na wani gari ba zai zo daidai da na wani ba, kamar dai yadda mudun wata kasuwa ke bambanta da na wata. Sai ya yi tunani: mene ne abin da ke shan amo ɗari bisa ɗari, a ko'ina yake? Amsar ita ce taga a buɗe, domin amon da ya fita ta taga ba ya dawowa. Sai ya mai da buɗaɗɗiyar taga ta zama mudunsa. Tun daga nan ake cewa kaza na darduma daidai yake da kaza na buɗaɗɗiyar taga. Har yau da wannan ma'auni ake aiki, an kuma raɗa masa suna sabin don tunawa da shi.

Aikin ya ci shekara 3. A 1898 aka manna wani irin bargo mai kauri na gashin dabbobi a wasu sassan bangon zauren Fogg, aka koma yin lacca a ciki. A shekarar ne kuma wani attajiri, Henry Higginson, wanda ya kafa ƙungiyar makaɗa ta birnin Boston, ya nemi Sabine ya ba da shawara a kan sabon zauren kiɗa da zai gina. Nan fa aiki ya canza. Gyaran ɗakin da ke tsaye daban, faɗin yadda amo zai kasance a ɗakin da ba a ko haƙa harsashinsa ba daban. Sabine bai amsa nan take ba, sai da ya koma kan tarin alƙalumansa ya yi ta juya su, har ya ga ƙa'idar da ke ɓoye a ciki.

Ƙa'idar ba ta da wuya. Abu biyu ke yanke tsawon jan amo: girman cikin ɗaki, da yawan abin da ke shan amo a cikinsa. In ɗaki ya ninka girma, jan amo ya ninka. In abin sha ya ninka, jan amo ya ragu da rabi. A lissafi, sai ka buga tsawo da faɗi da bisa na ɗakin a mita, ka buga abin da ya fito da 0.16, sannan ka raba da jimlar abin shan amo, wanda aka ƙiyasta da murabba'in mita na buɗaɗɗiyar taga. Abin da ya fito shi ne daƙiƙoƙin da amo zai yi kafin ƙarfinsa ya ragu zuwa kashi 1 cikin miliyan 1.

Bari mu buga misali da ɗakin da muka ƙaddara a ka. Tsawo mita 20, faɗi 15, bisa 6. In an buga, 1,800 ke nan, a buga da 0.16, ya ba da 288. Mu ce bango da rufi da daɓe duk masu tauri ne, shansu gaba ɗaya bai wuce tagar mita 50 ba. A raba 288 da 50, an sami kusan daƙiƙa 6, wato irin ciwon zauren Fogg. A shimfiɗa kafet mai kauri a daɓen duka, mu ce sha ya kai 125, sai jan amo ya dawo daƙiƙa 2 da 'yan kai. Mutum 200 su shigo su zauna, sha ya doshi 200, a sauko wajen daƙiƙa 1 da rabi. Masana sun daidaita a kan cewa ɗakin magana yana son wajen daƙiƙa 1, zauren kiɗa kuwa yana son wajen 2, domin kiɗa yana ƙara armashi in amo ya ɗan ja.

Da wannan lissafi aka gina zauren kiɗa na Boston, aka buɗe shi ranar 15 ga Oktoba, 1900. Shi ne babban zaure na farko a duniya da aka tsara amonsa da alƙalami tun kafin a ɗora tubali. Yana ɗaukar mutum fiye da 2,600, siffarsa doguwa kamar akwati, an yi wa bangonsa lunguna an tsayar da gumaka a ciki, rufinsa kuma rami-rami, abin da ke watsa amo ko'ina maimakon ya dawo a dunƙule. Da farko wasu masu sharhi sun kushe shi, abin ya kuwa ɓata wa Sabine rai. Amma a hankali duniya ta sallama, har yau ana lissafa shi cikin zaurukan kiɗa mafi daɗin amo, tare da na birnin Vienna da na Amsterdam.

Sabine bai tsaya nan ba, don ya lura tsawon jan amo ba shi ne duka labarin ba. A ɗaki ɗaya, wani wuri amo ya yi ƙarfi, ka matsa taku biyu ya yi rauni. Ya auna wani ɗaki mai rufin baka a jami'ar wuri-wuri, ya zana taswirarsa, tana nuna inda amo ya taru da inda ya ɓace, kamar taswirar tudu da kwari. Wajen 1913 kuma ya wallafa hotunan amo kansa. Yadda ya yi shi ne, ya ƙera ɗan ƙaramin samfurin gini, ya tayar da tartsatsin lantarki a ciki ya ba da ƙara, sannan wani tartsatsin ya haska a ƙiftawar ido, inuwar igiyar amon ta fito a hoto. Ga ta nan ta daki rufi ta karyo, ta daki bango ta juyo. Da irin wannan hoto magini zai ga kwanar da za ta kawo matsala tun gini yana kan takarda. Sabine ya mutu a watan Janairu na 1919 yana da shekara 50.

Taswirar nan ta bayyana illar ƙubba da bango mai lanƙwasa: suna tattara amo su zuba shi wuri guda, kamar yadda mazurari ke tattara ruwa. Babban zauren Royal Albert na birnin Landan, da aka buɗe a 1871, ya yi kusan shekara 100 yana fama da amsa-kuwwar ƙubbarsa, har 'yan barkwanci na cewa nan ne kaɗai makaɗi ke da tabbacin jin kiɗansa sau biyu. Sai a 1969 aka rataya manyan faya-fayai a ƙarƙashin ƙubbar, abin ya lafa. Ko bayan an sami ilimin ma an yi tuntuɓe. A New York an buɗe wani sabon zauren kiɗa a 1962, makaɗa da masu sauraro suka yi ta ƙorafi, aka fasa cikinsa aka sake a 1976, aka kuma sake yi masa gagarumin gyara na dala miliyan 550 aka buɗe a 2022. Ka ga ashe rigakafi ya fi magani, kuma ba ku kaɗai gini ya taɓa ba kunya ba.

A 1968 wasu masana a birnin Trondheim na ƙasar Norway suka soma sa kwamfuta ta bi sawun amo a cikin zanen gini, layi-layi, ta nuna inda kowane zai faɗa. A yau mai awo ya kan fasa balan-balan ko ya saki wata ƙara ta lasifika, makirufo ya ɗauka a wurare daban-daban, kwamfuta ta zana taswirar ɗakin. Har wayar hannu tana iya yin awo na ƙiyasi. Amma tushen dai na Sabine ne. Ɗakin da nake muku magana daga cikinsa ma, bangonsa lulluɓe yake da kayan laushi, shi ya sa kuke jin muryata tas.

To Malam, mu dawo garinku. Tsohon masallacinku ƙarami ne, rufinsa ƙasa-ƙasa, bangonsa ba sumul ba, ga tabarmi da buzaye, kuma ya kan cika maƙil. Sabon kuwa ya fi shi girma nesa ba kusa ba, kuma duk abin da ke cikinsa mai tauri ne da santsi. Girma ya ƙaru, abin sha ya ragu, dole amo ya ja. Wannan ba ya nuna gazawar liman, ba ya kuma nuna ha'incin magini. Ƙara ƙarfin lasifika ba zai raba ku da matsalar ba, don in murya ta ƙaru, gunjin ma ƙaruwa zai yi. In ma aka kafa wata nesa da wata, wanda ke zaune inda ɗaya ta fi ɗayar nisa da mita 17 zai ji ta nesan ta makara da kashi 1 cikin 20 na daƙiƙa, wannan kuwa ya isa ya dagula magana.

Shawarata ita ce ku yi irin ta Sabine, ku yi aro kafin ku saya. Ku sami lokacin da babu kowa, mutum ɗaya ya tafa hannu da ƙarfi sau ɗaya, saura su ƙirga daƙiƙa nawa amon ya yi. Sannan wani ya tsaya inda liman ke tsayawa ya yi ta karatu, wani ya ɗauki takarda ya zana siffar ɗakin, ya bi sahu-sahu yana sa alama inda ake ganewa da inda ba a ganewa. Taswirarku ke nan. Daga nan ku aro darduma da barguna masu kauri daga gidaje, ku shimfiɗa, ku rataya wasu a bangon baya wanda ke fuskantar liman, ku bar tazarar kamar tafin hannu tsakaninsu da bango, don hakan ya fi shan amo. Ku buɗe tagogi. Ku sake tafi, ku sake zagayawa da takarda. Ku rage ƙarfin lasifikar ciki, ku karkato bakinta ga mutane, kada ta fuskanci bango ko rufi. Ƙanana da dama kusa da jama'a, a ƙaramar murya, sun fi babba ɗaya mai tsawa.

Abu biyu kuma ku kiyaye. Siririyar tabarmar roba da kwalin ƙwai ba sa shan amo yadda ake zato, kada a yi asarar kuɗi a kansu. Soso irin na katifa kuwa yana kama wuta da sauri, hayaƙinsa kuma guba ne, kada a manna shi a bangon da jama'a ke taruwa, labule ma a nisanta shi da wayar lantarki. In gwajin aro ya nuna sauƙi, kowa ya ji da kunnensa, to sai kwamiti ya san inda zai sa kuɗin kaka mai zuwa, gardama kuma ta ƙare. Malaman makaranta masu fama da ajin siminti, da masu ɗakin taro na ƙungiyoyin manoma, wannan amsa taku ce ku ma.

Muna fata za ka sake rubuto mana ka faɗa mana daƙiƙa nawa kuka samu kafin gwaji da bayansa. Allah ya haɗa kanku, ya saka wa duk wanda ya ba da gudummawa da alheri. Jama'a, a nan za mu dasa aya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, ku huta lafiya.